Fijo 504 ta Babanmu: na sa sabon shokazoba, amma gaban bai daina ƙara ba

Ɗan_Malam_Funtuwa
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san Fijo 504 ciki da bai. Motar mahaifinmu ce, Allah Ya jiƙansa, salun ƙirar 1982, haɗin Kaduna, injin fetur mai lita biyu. Tun da ya kwanta ciwo aka tura ta rumfar bayan gida, ta shekara 11 ba ta motsa ba. Bara na ɗaura niyyar tashinta. An wanke tanki, inji ya tashi, an yi birki, an yi fenti. Gaban ne ya gagare ni. Da ta hau gargada ko ta taka ɗan rami sai ka ji ƙwas-ƙwas ta gefen hagu, kamar ana buga ƙarfe a cikin tukunya. Ga shi gefen direba ya fi ɗayan zama ƙasa, na auna daga tsakiyar wil zuwa bakin madigadi, bambancin ya kai santimita biyu. In kuma na sassauta hannu a sitiyari sai ta riƙa jan hagu. Bakanikena ya ce shokazoba ne, na sayo sabbi guda biyu aka sa. Ƙarar tana nan, karkatar tana nan. Yanzu yana cewa wai jabu aka sayar mini, in ƙara sayo wasu. Kafin in sake zuba kuɗi, don Allah me kuke gani?

BabanHanifa
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba. Bol joyin ne, mahaɗar nan mai kan ƙwallo da ke riƙe gindin ƙafar taya, ka canza shi ka huta. Tawa haka ta yi.

Tsohon_Bakanike_Kakuri
Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya yi maka albarka da ka tuna da kayansa. Yaro, bari in fara da abin da bakanikenka ya kamata ya faɗa maka tun farko. Shokazoba ba ya ɗaukar nauyin mota. Sifirin ne ke ɗauka. Aikin shokazoba kawai ya hana sifirin yin ta tsalle bayan ya danne. Saboda haka ko shoka goma ka saya, motar da ta zauna gefe guda ba za ta miƙe ba. Wannan karkatar ka ware ta daban, ka neme ta a sifirin, ko a mazauninsa, ko a jikin motar kanta.

Na ji daɗi da ka auna daga tsakiyar wil, don iskar taya ba ta shiga wannan lissafin. Amma ka auna baya ma? Mutane suna mantawa cewa mota ƙafa huɗu gare ta kamar tebur. In sifirin baya na hagu ya gaji, gefen hagu duka zai sauka, gaban dama kuma ya ɗan ɗaga, sai ka rantse gaban hagu ne ya lalace. Ka kai ta kan siminti mai lebur, ka daidaita iska, ka kwashe kayan but, ka auna kusurwa huɗun ka rubuta a takarda. Sannan ka sa jak a tsakiyar ƙarfen gicciyen baya ka ɗaga har tayoyin baya su bar ƙasa, ka sake auna gaba. In gaban ya daidaita, ciwon yana baya.

Ƙarar kuma wata magana ce, jan hagun ma wata magana ce. Cuta uku gare ka, aka ba ka magani ɗaya.

Ɗan_Malam_Funtuwa
Na gode Baba. Gaskiya ban auna baya ba. Gobe in Allah Ya kai mu zan yi yadda ka ce.

Sani_Walda
@BabanHanifa ba kowace ƙara ce bol joyin ba. Motar da ta kwana shekara 11 duk wata roba da ke jikinta ta bushe. Malam, ka fara da abu mai arha. Stabilaiza shi ne ƙarfen da ke hana mota kwanciya a kwana, ka kwance linkej ɗin da ke haɗa shi da ƙafafun a gefe biyu, ka ɗaure su da waya kada su taɓa komai, ka zagaya unguwa a hankali ta kan gargadar da ka saba jin ƙarar. In ta yi shiru ka san robar stabilaiza ce. Kada ka hau babban titi a haka, gwaji ne kawai.

Direban_Maraɗi
Salamu alaikum 'yan'uwa. Mu nan shokazoba amortisar muke ce masa. Na yi shekara 19 ina jan 504 doguwa mai kujera layi uku tsakanin Maraɗi da Katsina ta Jibiya, na san kukan gabanta kamar kukan ɗana. Tambaya ɗaya zan yi maka malam: da aka ce an sa sabbi, ƙafar shokan ɗungurungum aka canza, ko buɗe bututunta aka yi aka zura sabon ciki? Amsar tana da muhimmanci.

Ɗan_Malam_Funtuwa
@Direban_Maraɗi buɗewa aka yi. Ya kwance babban notin da ke bakin bututun, ya zubar da tsohon mai, ya zaro kayan ciki, ya zura sabon da na sayo, wani dogo rufaffe kamar gora. Ina tsaye aka yi.

Direban_Maraɗi
To a nan nake zargi. Wannan babban notin na baki shi ne ke danne gorar a cikin bututu. In bai ɗauru sosai ba, ko gorar ta gaza bututun tsawo ko da kaurin kwabo ne, duk ramin da ka taka sai ta yi sama ta yi ƙasa a ciki. Ƙarar da ka kwatanta, ƙarfe a cikin tukunya, ita ce sak. Na taɓa yin wata biyu ina bin wannan ƙarar, na canza bushin, wato robobin mahaɗa, na canza tayarod, sandar da ke juya taya daga sitiyari, ashe wasa ne ɗan kaɗan a ƙarƙashin noti. Wani dattijo ya yanka mini zoben ƙarfe ya sa a ƙasan bututun, gorar ta taso, noti ya kama ta, shi ke nan. Ka ɗaga motar, ka ɗage robar ƙurar da ke cikin sifirin, ka haska fitila ka ga ko notin ya zauna har ƙarshen zarensa. In ya shige duka bai bar zare ko ɗaya ba, akwai yiwuwar bai taɓa gorar ba.

Abba_Korola
Ni dai gaskiya zan faɗa ko ba ta da daɗi. Kuɗin da za ka kashe a motar da ta haura shekara 40 ka haɗa ka sayi 'yar Kwatano mai lafiya. Kayan 504 na asali sun yi wuya, mai kuma ga tsada, ita kuwa ba ta san tsimi ba.

MamanSadiq
@Abba_Korola Malam ai bai ce mota yake nema ba, motar mahaifinsa yake gyarawa. Mu ma tamu irinta ce, fara, a cikinta aka riƙa kai mu makarantar kwana, akwatin ƙarfe a but, buhun garin kwaki a kan cinya. Da Abbanmu ya rasu aka sayar da ita wajen rabon gado, har yau in na ga irinta a hanya sai na bi ta da kallo har ta ɓace. Ɗan'uwa ka daure ka ƙarasa, Allah Ya ba ka iko. Ban san komai a kan shokazoba ba, amma ina bin zancen.

Ɗan_Malam_Funtuwa
Amin Hajiya, na gode. @Abba_Korola na fahimce ka, ina da ta zuwa aiki. Wannan so nake in ɗauki Inna a cikinta in kai ta gaisuwa ƙauye kamar yadda Baba yake yi duk Sallah.

Injiniya_BK
Abin da ya ba ni takaici a labarin nan shi ne kayan cikin da aka zaro. Malam ina fatan ba a zubar da su ba. Kamfanin Peugeot da kansa yake ƙera shokazobansa a wancan zamani, ba saye yake a waje ba, kuma na gaban 504 an yi shi ne yadda za a buɗe, a wanke, a canza sil, a zuba sabon mai a mayar. Wannan laushin da ake yabon motar da shi, kana tafiya kan gargada kamar kana kan katifa, rabinsa daga nan yake, rabi daga dogon sifirin da ke ba taya damar sauka da hawa sosai. Ba banza ba ta zama motar shekara a Turai a 1969, shekara guda bayan fitowarta, kuma ita ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna. Gorar da ake sayarwa yanzu da yawa mai gas ce, ta fi tauri, za ta yi aiki amma ba za ka ji motar Baba yadda ka san ta ba. In sandar tsohon ba ta yi tsatsa ba, ni da zan gyara shi in mayar.

Tsohon_Bakanike_Kakuri
Injiniya ka faɗi gaskiya, amma akwai sharaɗi, kuma ka ambace shi a ƙarshe: sandar. Motar da ta daɗe a tsaye, ɓangaren sandar da ke waje yana cin raɓa da damina goma sha ɗaya. Ka shafa farce a kanta. In farcenka ya maƙale a ƙananan ramuka, ko sil na zinari ka sa sai ta yaga shi cikin sati biyu, mai ya zubo. Na kuma ga yara suna kama sandar da filaya don su kwance notin sama. Haƙorin filaya ɗaya ya isa ya kashe ta. Sai kuma maganar mai. Kada wanda ya zuba maka baƙin mai na inji a ciki. Yana da kauri, da sanyin hunturu motar za ta zama kamar amalanke, bawul ɗin ciki kuma su wahala. Mai ne marar kauri, kuma aunawa ake yi, ba cikawa ake har baki ba, don sandar tana bukatar wurin shiga.

Oga_Emeka_Panteka
Baba ni na ga ana sa man giya na otomatik kuma yana aiki shekara da shekaru.

Injiniya_BK
@Oga_Emeka_Panteka ya fi man inji nesa ba kusa ba, wannan na yarda. Ni na fi natsuwa da man da ake zuba wa shokan gaban babur, don aikin iri ɗaya ne kuma ba ya saurin kumfa. Kumfa ita ce matsalar: in mai ya gauraya da iska, bawul ba ya samun abin da zai riƙe, sai shoka ya yi laushi bayan tafiyar rabin awa a hanya marar kyau. Dalilin da ya sa aka ƙirƙiro mai gas ke nan ma.

Ɗan_Malam_Funtuwa
Alhamdu lillahi kayan suna nan, na sa su a buhu na ajiye a ɗakin Baba. Yanzu na je na duba. Sandar dama sumul take. Ta hagu tana da tabon tsatsa kamar faɗin yatsa biyu kusa da sama, farce yana kamawa.

Garba_Mai_Taya
Kowa yana maganar ƙarfe, ba wanda ya tambayi taya. Malam tayoyin da ke jikinta na yaushe ne? Ka duba gefen taya inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne sati da shekarar da aka yi ta, misali 2310 sati na 23 ne a 2010. In lamba uku ka gani, an yi ta kafin 2000, kada ma ka hau titi da ita. Tayar da ta zauna wuri ɗaya shekaru tana yin lebur a inda ta taka ƙasa, wayar ciki ma tana iya rabuwa, kuma irin wannan tana jan mota gefe ko da komai na gaba lafiya lau ne. Gwajin ba ya cin ko sisi: ka musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama. In jan ya koma dama ko ya ɓace, taya ce. Sannan bayan ka yi tafiya ka taɓa wil ɗin hagu da bayan hannu. In ya fi na dama zafi, birkin wannan gefen yana kamawa.

Ɗan_Malam_Funtuwa
Biyu na gaba na canza su da na hannu masu kyau, 175 a kan wil 14. Na baya ne tsofaffin. Zan musanya in gani.

Kabiru_Gareji
Tunda za a taɓa sifirin, ina roƙonka da girman Allah ka tabbatar bakanikenka yana da abin matse sifirin na gaske, mai ƙugiya biyu da dogon zare. Sifirin gaban 504 dogo ne, ƙarfin da ke cikinsa ba na wasa ba ne. Ina da yaro a gareji, shekara uku ke nan, na fita sallar La'asar ya ce zai taimaka mini. Ya ɗaure sifirin da wayar ƙarfe, ya kwance notin sama. Wayar ta tsinke. Farantin sama ya goge shi a haɓa ya wuce ya huda kwanon rumfa. Haƙori biyu ya rasa, aka yi masa ɗinki. Da ya ɗan sunkuya kaɗan da wani zancen ake yi. Har yau ramin yana nan a kwanon, na hana a toshe, duk sabon yaron da aka kawo mini sai na nuna masa kafin ya taɓa sifana. In za a kwance, kada kowa ya tsaya ta saitin bakinsa, a kwantar da shi a ƙasa yana kallon bango.

MamanSadiq
Subhanallahi. Allah Ya ƙara tsarewa.

BabanHanifa
Ni har yanzu ina kan bol joyin. Ku ɗaga ku girgiza ku gani.

Tsohon_Bakanike_Kakuri
@BabanHanifa ba laifi a duba, amma girgizar ma tana da ƙa'ida. Ka ɗaga taya ta bar ƙasa, ka sa gungumen katako ko jakin ƙarfe a ƙarƙashin motar, kada ka dogara da jak kaɗai. Ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In akwai wasa, ka sa wani ya taka birki ka sake. In wasan ya ɓace, boris ɗin cikin wil ne. In yana nan, ka dubi bol joyin ko sandar shoka. Sannan ka kama ta hagu da dama ka girgiza, wannan tayarod ne ko rak ɗin sitiyari. Bol joyin kuma wani lokaci hannu ba ya nuna shi, sai ka zura doguwar liba tsakanin lowa-am, wato hannun ƙasa da ke riƙe taya, da gindin ƙafar ka ɗan danna kana kallo.

Wani abin da nake so ka duba da kyau, yaro: lowa-am ɗin 504 ba ƙarfe ɗaya ba ne. Akwai hannun da ya fito daga tsakiya zuwa taya, akwai kuma sandar da ta zo a karkace ta haɗu da shi, ita ce ke hana taya yin gaba da baya in ka taka birki. A mahaɗarsu akwai robobi. In waɗannan suka mutu a gefe ɗaya, tayar wannan gefen tana ja da baya kaɗan, mota sai ta riƙa bin wannan gefen. Ka auna daga tsakiyar wil na gaba zuwa tsakiyar na baya, hagu da dama. Ya kamata su zo ɗaya.

Nura_Alaimen
Ina goyon bayan Baba. Kuma don Allah kada ka kawo ta wurin alaimen sai ka gama duk waɗannan. A gaban 504 abin da muke iya saitawa shi ne tsukewar tayoyi ta tayarod. Kwanciyar taya ciki ko waje, da jingininta gaba ko baya, ba su da wurin saiti, yadda aka ƙera haka suke. In na'ura ta nuna sun kauce, to wani abu ya lanƙwashe ko roba ta mutu. Mutane suna zuwa su ce a yi musu alaimen mota ta daina ja, mu saita, su fita, gobe su dawo da faɗa.

Sani_Walda
Ƙarin bayani kan bushin, tunda na ga za a kai ga canza su. Kada a ɗaure notinsu tamau mota tana rataye a jak. A ɗaura sama-sama, a sauke ta ta tsaya da ƙafafunta, a danna gaban sau biyu uku, sannan a shiga rami a ƙarasa ɗaurewa. In aka ɗaure a rataye, da an sauke robar za ta murɗe ta zauna a murɗe, wata shida ta tsage. Har tsayin mota yana iya canzawa kaɗan saboda wannan. Ka tambayi bakanikenka yadda ya yi ranar da ya mayar da ƙafafun.

Ɗan_Malam_Funtuwa
Jama'a ga rahoto. Yau tun bayan Azahar muke gareji. Mun fara da stabilaiza kamar yadda Malam Sani ya ce, ƙarar ba ta tafi ba, sai dai robobin sun farfashe, za a canza. Mun girgiza taya, boris lafiya, bol joyin na hagu yana da ɗan wasa kaɗan da liba. Sai muka ɗage robar ƙura. Wallahi @Direban_Maraɗi kamar kana wurin: notin ya shige har ƙarshe, amma da muka sauke ƙafar muka cire sifirin, na kama sandar na ja, gorar gaba ɗaya tana motsi a ciki, ƙwas, ƙarar da ta hana ni barci. Ta dama ma tana yi amma kaɗan. An sa zobe a ƙasa, an ɗaure, na bi ta kan gargadar bakin kasuwa sau uku. Shiru. Na tsaya a gefen hanya na yi hamdala.

Robobin sandar nan da Baba Tsohon Bakanike ya ce, na hagu sun narke kamar ƙaro, bambancin tsakanin wil da wil ya kusa santimita ɗaya. Ban samu sabbi ba tukuna. Musanya taya bai canza jan ba.

Karkatar ce ta rage. Na ɗaga baya na auna gaba, tana nan. Tunda an riga an kwance, muka musanya sifirin, na hagu ya koma dama. Da muka jera su a ƙasa na hagun ya ɗan gaza. Yanzu bambancin ya ragu zuwa ƙasa da santimita ɗaya, amma har yanzu hagun ne a ƙasa.

Direban_Maraɗi
Alhamdu lillahi. Na yi murna ƙwarai. In ba a zuba ɗan mai a cikin bututun kewaye da gorar ba, in an sake buɗewa a zuba kaɗan, yana taimaka mata fitar da zafi kuma yana hana tsatsa.

BabanHanifa
Kun ga dai bol joyin ɗin ma yana da wasa. A canza shi, kada a bari. In ya fita a kan gudu taya kwanciya take yi.

Injiniya_BK
@BabanHanifa wannan gaskiya ne, a canza. Amma ku lura da lissafin karkatar. Gajeren sifirin yanzu yana dama, ya kamata a ce dama ce ta sauka. Tunda har yanzu hagu ce a ƙasa, akwai wani abu a gefen hagun da ya fi gajartar sifirin yawa. Ko robar kan shoka ta sama ta zauna, ko farantin da sifirin ke zama a kai ya lotsa, ko kuma kwanon jikin motar inda kan shoka ke ɗaure ya turu sama. Malam ka buɗe bonet, ka ɗora miƙaƙƙen katako a kan madigadi biyu, ka auna zuwa kan kowane shoka. Ka duba ko fenti ya tsage ko akwai tsohuwar walda a wurin.

Oga_Emeka_Panteka
Sifirin kuma in za ka saya ka sayi biyu tare daga mota ɗaya. Ka zo da tsohon a hannu. Na dizal daban, na fetur daban, na doguwa da na a-kori-kura kada ka ɗauka ɗaya ne da na salun don sun yi kama a ido. Ka ƙirga zagayen, ka auna kaurin ƙarfen, ka duba ɗigon fentin da ke jiki in bai goge ba. Kada ka yarda a ce za a gasa naka a wuta a ja shi ya ƙara tsawo. Wuta tana kashe ƙarfin sifirin, wata ɗaya zai koma ƙasa da inda yake.

Ɗan_Malam_Funtuwa
@Injiniya_BK na duba. Akwai tsohuwar walda a cikin madigadin hagu, an shafe ta da baƙin kwalta, ban taɓa lura ba sai da na kankare da wuƙa. Na shiga na tambayi Inna. Ta yi shiru, can ta ce ai kuwa, shekarar da aka haifi ƙanwata, Baba yana dawowa daga Zariya da daddare ya kauce wa jaki ya faɗa kwalbati ta gefen direba. Ta ce motar ta yi sati uku a wurin masu gyara, ya hana a faɗa wa yara don kada mu tsorata. Ina da shekara shida lokacin. Ban taɓa jin labarin ba sai yau.

Sani_Walda
To ga shi nan. In haka ne sai an ja ta. A cire ƙafar, a auna daga gefen dama a kwatanta, a ja kwanon ya dawo wurinsa, a sake walda mai kyau a ƙara faranti. Tsohuwar waldar gas ta shekara talatin ba abin dogaro ba ce a wurin da ke ɗauke da nauyin inji.

Tsohon_Bakanike_Kakuri
Sani, ni ban goyi bayan a yi saurin ja ba. Mutumin nan ya tuƙa ta shekaru masu yawa bayan haɗarin, ta kai shi ta dawo da shi. In waldar ba ta tsage ba, ba tsatsa a ƙarƙashinta, ni da zan sa sabbin sifirin, sabuwar robar sama, sabbin bushin, in sake aunawa. Mai yiwuwa abin da zai rage bai kai a taɓa jikin mota ba. Ja yana gyara wuri ɗaya ya ɓata wani, ga sabon fenti an riga an yi. Yaro ka kankare wurin tas har farin ƙarfe ya fito, ka ɗauki hoto da rana ka turo mu gani.

Nura_Alaimen
In an sa kayan a kawo ta kan na'ura kafin a yanke hukunci. Kwanciyar tayar hagu za ta faɗi gaskiyar ko kwanon ya matsa.

Sani_Walda
Baba na ji, girmanka ne. Amma Inna zai ɗauka a ciki zuwa ƙauye, hanyar kuma ba kwalta ba ce. Ni dai in na ga tsaga ko ta gashin kai ce a hoton, ba zan ce a bar ta ba.

Ɗan_Malam_Funtuwa
Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Gobe da safe zan kankare in turo hoton. Ranar Asabar zan shiga Kaduna neman sifirin da robobin. @Injiniya_BK sandar dama da ta rage lafiya, in na samu ta hagu mai kyau a kasuwa, za a iya haɗa tsofaffin biyu a mayar ko sai sun fito daga mota ɗaya?